Ina Jinin?

Har yau in na ji warin man zafi sai hawaye ya zubo mini, kuma ba yajinsa ba ne.

A gidanmu na Zongo, kakata ce likita, ita ce alƙali. Duk yaron da ya zo da kuka, tambayarta ɗaya ce: "Ina jinin?" In ka nuna ko ɗigo ne, ka huta da ɗebo ruwa, har ƙosai za a ba ka. In babu, ko daga kan kwakwa ka faɗo, sai ta murza maka man zafi ta kore ka. Wata damina kwaɗayi ya sa na shafa manja a gwiwa, na zo ina ɗingishi. Ta dangwala da yatsa, ta lasa, ta ce jinin nan nawa miya ya dace da ita. A tsakar gida aka yi wata guda ana tambayata ko da saura.

Da wannan karatun na girma, da shi na yi aure.

Maigidana dillalin shanu ne. Wata safiya bijimi ya shure shi a ciki. Ya tashi ya kaɗe riga, ya zagi bijimin har kakanninsa, ya hau zem, babur ɗin haya, ya dawo gida yana dariya. Na ɗaga rigar, ko ƙwarzane babu. Ni da bakina na ce, "Alhaji, ina jinin?" Na murza masa man zafi. Da azahar ya ce ƙishi, ya sha buta biyu. Da la'asar gumi mai sanyi ya rufe shi, cikin ya yi tauri kamar ganga. Kafin mu kai asibiti ya daina amsa mini.

Likita ya ce saifa ce ta fashe. Ya ce irinsu suna zuwa masa kullum, na babur, na mota, na shanu, yawanci maza masu ƙarfinsu, kuma mai tafiya da ƙafarsa shi ake kawowa a makare.

Yanzu jikokina ɓoye mini suke yi. Wanda ƙwallo ta buga a ciki a lakwal, wato makaranta, sai na tasa ƙeyarsa zuwa asibiti, yana rantsuwa yunwa ce kawai. 'Yan zem na ƙofar gida sun san ni, suna ganina suke tayar da babur. Su yi ta dariya.

Allah ya jiƙan kakata. Da zan gan ta, da na ba ta amsa: akwai jinin, Kaka. A ciki ya zuba.