Dunƙulen ƙasa a aljihun tebur

Shekarar da na haifi ɗana na fari, Hajiya mahaifiyata ta zo daga Kano ta yi mini zaman jego a gidanmu na garin Laurel, a Amurka. Tun ranar farko idonta ya faɗa kan hoton wani dattijo mai farin rawani a ɗakin karatun mijina.

Mijina malamin jami'a ne, littafi yake rubutawa a kan wannan dattijo, babban ɗan siyasar Iran. Ya riƙe majalisa, ya yi shugaban ƙasa, daga baya abokan tafiyarsa suka hana shi sake tsayawa takara. Ko tuwo muke ci sai mun sha labarin. Ni na gaji da shi tun kafin cikina ya fito. Hajiya kuwa ba ta gaji ba, kasa kunne take yi tana gyaɗa kai.

Sai ta fara sa ido. In ya tayar da salla, ta ɗan leƙo. Ya saki hannu kamar yadda ya taso ya ga mahaifinsa yana yi, ta riƙe wannan a ranta. In ya makara a jirgin ƙasan Washington, ta tambaye ni wane masallaci ya tsaya. Ban ɓoye ba, ni ma na fara kallonsa a kaikaice. Mutum ya kwana ya tashi da zancen rawani ɗaya, haka kawai?

Wata safiya ta same ni a kicin, ta ajiye wani abu a gabana cikin tsumma. Dunƙulen farar ƙasa ne, a aljihun teburinsa ta tsinto shi.

"Ga abin da suke ɗora goshi a kai," in ji ta. "Ɗan Shi'a kika aura. Ba zan cika arba'in a gidan nan ba."

Dariya ta taso mini. Ai dunƙulen nawa ne. Lokacin kwaɗayin ciki na saye shi a shagon wata 'yar Ghana a Hyattsville, na ɓoye a can don kada ya gani ya yi faɗa, shi da ba ya buɗe aljihun.

"Hajiya, wallahi tawa ce, ta masu ciki ce."

"Har kin fara rufa masa asiri."

Raina ya ɓaci. Ina son ta zauna, ina tsoron ranar da za a bar ni da jariri ni kaɗai. Na ɗauki dunƙulen na gatsa a gabanta, na tauna, na haɗiye, don ta gani da idonta.

Ta daɗe tana kallon bakina. Sannan ta miƙa hannu ta karɓi yaron daga cinyata, ta rungume shi.

"Na ji an ce har ci suke yi don tabarruki," ta ce a hankali. "Ashe ke ma ya koya miki."

Da yamma na ji tana tambayar mijina, cikin ladabi kamar baƙo, yadda ake sauya ranar tikiti.