Murhun 'Yan Diga

Gonar da mahaifina ya yanka mini, shekara biyu bayan samun 'yancin kai, tana ƙasar Makarfi, jifa ɗaya daga layin dogo. A nan 'yan diga suka yi sansani, wato mutanen da aka kwaso daga ƙauyuka zamanin Turawa don su haƙa hanyar jirgin ƙasa. Bukkokinsu sun daɗe da komawa ƙasa. Abin da ya rage shi ne duwatsun murhu, uku-uku, baƙi ƙirin, sai tsingaron tukwane da fartanya ke tonowa, wani lokaci har da bakin diga da tsatsa ta cinye.

Mahaifina kewaye duwatsun yake yi in yana noma. Ni kuwa na sami garmar shanu, kaina ya kumbura. Garma ba ta san kewaye ba. Yini guda na kwashe su tas, na jibge a bakin iyaka, har ina yabon kaina.

Ban sani ba, ashe murhu ɗaya a cikinsu shi kaɗai ne alamar kabarin wan kakata. Tana budurwa aka tafi da shi aikin diga, ciwon ciki ya kashe shi a sansanin, abokan aikinsa suka binne shi taku bakwai gabas da murhun da yake dafa musu abinci. Ɗayansu ne ya nuna mata wurin. Kowace damina sai ta ɗauko ƙwarya, wai za ta tsinko tafasa, ta je ta ƙirga takunta ta yi masa addu'a. Mu kuwa tsokanarta muke, ga tafasa jingim a bayan gida.

Ranar da ta zo, ina sauke wa shanu karkiya. Na ce, “Amarya, kin ga aikin mijinki? Kunya sambal!”

Kullum in na ce haka sai ta ce ba ta auren malalaci. Ranar kuwa sai ta wuce ni. Ta yi gabas, ta dawo, ta yi arewa, tana leƙa tsakanin kunyoyi kamar mai neman allura.

“Maigida, ina ka kai murhun Yaya?”

Na nuna mata tarin. Ta durƙusa tana juya duwatsun ɗaya bayan ɗaya, dukkansu baƙaƙe, babu mai bambanci da wani. A nan durƙushe ta faɗa mini komai. Ba ta yi mini faɗa ba, kuma da ta yi da na fi samun sauƙi.

“Yanzu daga ina zan fara ƙirga?” ta ce.

Ba ta sake zuwa gonar ba har ta rasu. Ina kewarta, wallahi, har da gorin da take yi mini na lalaci. Gonar tana hannuna har yau. Kowace shekara nakan bar wani ɗan fili a tsakiya, ba na bari garma ta taɓa shi, tafasa ta cika shi. Jikokina suna tambaya me ke wurin, in ce musu kabari ne. Abin da ba na faɗa musu shi ne, ni ma ban tabbata nan ba ne.