Baba Buroshi Ya Kankare Kekensa

Baba Buroshi mai fenti ne tun yana saurayi. Furfura ma ba a san ranar da ta zo masa ba, domin dama kullum kansa da ɗigon farin fenti. Sai da ya bar aiki aka ga farin ya ƙi wankuwa. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, idan yana magana da kai idonsa na kan bangon da ke bayanka, yana neman inda wani ya yi ha'inci. Ko dubiya ya je, sai ya shafa bangon ɗakin ya duba tafin hannunsa kafin ya ce ya jiki.

Duk layinmu an san kekensa, kuma ba don kyau aka san shi ba. Baba yana da wata ɗabi'a: duk inda ya gama aiki, ba ya wanke buroshi sai ya goge ragowar fentin a jikin keken. Wai zubar da fenti asara ce. Saboda haka ba sai ka tambaye shi ina yake aiki ba, ka dubi keken kawai. Yau shuɗi, wani watan kore, wata rana ya fito ja wur kamar an yanka shi. Shekara da shekaru keken yana ƙiba, mai shi yana ramewa.

Ranar da jiri ya ɗebe shi a kan tsani, Allah ya tsare bai faɗo ba, ya sauko a hankali, ya wanke buroshinsa, bai sake hawa tsani ba. Keken ma ya jingine shi a bayan kicin, daidai inda ruwan rufi yake zuba. Tayoyi suka sace, sirdi ya tsage, kaca ta ƙame kamar sanda. Fentin ya kumbura ya farfashe, tsatsa ta leƙo ta ko'ina. Matarsa, wadda yake kira Sufeto saboda babu abin da ke wucewa ba ta bincika ba, ta mai da shi wurin shanya tsumma.

Ana nan sai mai gidan da suke haya ya ce zai rushe ya yi shaguna. 'Yarsu Auta, wadda ke aure a can gefen gari, ta ce su dawo wurinta, ta ware musu ɗaki a sama. Ta zo ta zagaya gidan tana nuna abin da za a ɗauka da abin da za a bari. Da ta iso bayan kicin sai ta tsaya.

"Baba, wannan kuma fa?"

"Wannan ai yayanki ne. Ki gaishe shi."

"Ina wuni, Yaya. Amma wallahi ba zai hau min bene ba. Tayil ɗina fari ne, wannan ko kallonsa ka yi sai ya zubo da jan gari."

Sufeto ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu. "Faɗa masa dai. Mai sayen tsofaffin ƙarafa kullum sai ya wuce yana kira, shi kuma ya yi kamar kurma."

Baba ya dubi wannan, ya dubi waccan, ya ga an haɗe masa kai. "To idan na fitar da tsatsar fa? Tas, har ki ga fuskarki a jiki?"

Auta ta yi dariya. "Idan ka fitar kafin motar kaya ta zo, ni da kaina zan hau da shi."

Washegari tun da safe ya shimfiɗa tsohon buhu a tsakar gida. Ya kwance tayoyi, ya cire sirdi da kariyar ɗaukar kaya ta baya, ya jiƙa kaca a gwangwanin kananzir. Nototin da suka ƙi motsi ya ɗiga musu mai, yana lallashinsu da sufana kamar mai ba yaro magani. Har ya rage gangar jikin kawai, tsirara, kwance a cinyarsa. Ya jera wuƙar kankare bango, da buroshin ƙarfe, da sanfefa, takardar nan mai kaushi ta goge tsatsa, da lemon tsami da ya sato daga kwandon Sufeto.

"Malam," in ji ta, "ba kai ne kake wa mutane wa'azi kada a shafa fenti a kan tsatsa ba?"

"Wancan na kwastoma ne."

"Au, naka keken ba ya jin wa'azi?"

Bai kula ta ba. Ya sa wuƙa a bututun sama ya tura. Ɓawon fenti ya tashi, mai kauri kamar ɓawon itace. Na sama ruwan toka ne, na ɗakin ajiyar kayan da jiri ya same shi. Wannan bai tsaya kallonsa ba. Yana gogawa sai shuɗi ya fito, sai hannunsa ya rage sauri. Shuɗin makarantar firamare ne. Hutu guda ya yi a cikinta shi kaɗai, yana aiki yana karanta abin da yara suka rubuta wa malamansu a bango kafin ya rufe musu asiri. A ƙarƙashinsa ja, na ƙofar wani mai hali da ya sa aka shafa aka sake, aka sake, wai bai kai jan da ya gani a mafarki ba. Baba ya yi tsaki, ya kankare shi da ƙarfi, ya huce.

Sai ruwan hoda ya bayyana. Ya yi sauri zai shafe, amma Sufeto ta riga ta gani.

"Kai! Shagon mai gyaran gashi!" Ta dafa bango tana dariya. "Lokacin da duk layi suke kiranka amarya!"

"Aiki ne, an biya ni."

"Har mai shayi ya ce zai kawo maka ɗankunne."

Ta ja kujera 'yar tsugunno, wai za ta tsince wake a inuwa. Waken dai yana cinyarta, idonta yana kan keke. Baba ya lura, sai ya daina kankarewa kai tsaye. Ya ɗauki sanfefa yana gogawa a karkace, yadda kowane launi zai fito gefen ɗan'uwansa, layi-layi. Da kore ya fito, ita ta riga shi magana.

"Na asibiti."

"Na asibiti," ya ce.

Yana cikin aikin asibitin ne cikin Sufeto ya tsufa, cikin da ta haifi Auta. Ranar da naƙuda ta tashi babu mota a layin, ya ɗora Sufeto a kariya, fentin ko bushewa bai yi ba. Yana tuƙi tana dukan bayansa, idan ya yi sauri ta ce zai kashe ta, idan ya sassauta ta ce so yake ta haihu a titi. Ta shiga ɗakin haihuwa da koren tafin hannu, har unguwarzoma ta tsorata.

Kwanaki ya yi yana kankare keken. Inda tsatsa ta kama ƙarfe ya matsa lemon tsami ya bar shi ya jiƙa, ya bi da buroshin ƙarfe, ya goge da tsumma, ya shafa mai. Farcensa ya koma ja, tsakar gida ta cika da garin fenti kala-kala, Sufeto kuwa da ko ƙwayar shinkafa ba ta bari a ƙasa, ta ƙyale shi.

Can ƙasa, dab da ƙarfe, ya iske ruwan ƙwai. Wani irin rawaya mai haske da yanzu ba a haɗa shi. Ya ɗaga sanfefa.

"Tsaya," in ji Sufeto.

Fentin ɗakinsu na farko ne, ɗaki ɗaya tal, taga ɗaya, gado da tabarma. Shi ya haɗa launin da hannunsa, ya shafa ana gobe za ta tare. Ta shigo tana sunkuyar da kai, kunya ta hana ta zama, ta jingina da bango. Da ta matsa, rabin bangon ya biyo zanenta.

"Sabon zanena," ta ce. "Har yau ba ka biya ni ba."

"Ke ma ba ki biya ni bangona ba."

Ta sa ɗan yatsa ta shafa wurin, ta tashi ta shige kicin, wai tukunya tana ƙonewa. Babu komai a kan wuta.

Saura bututun ƙasa, kusa da feda, inda ruwa ya fi kwanciya. Baba ya ɗora wuƙa ya danna kaɗan. Wuƙar ta shige. Ya zare ta, jan gari ya zubo kamar ana zazzage buhu. Ya danna gaba da babban yatsa, nan ma ya burma. Ashe fentin ne kawai ke riƙe da keken.

Ya saɓa shi a kafaɗa ya kai wa mai walda na bakin titi. Mai walda ya ƙwanƙwasa nan, ya ƙwanƙwasa can, ya leƙa ramin da ido ɗaya.

"Baba, me zan liƙa da me? Wannan ai takarda ce. Ina kawo wuta zai narke ya bar ni da hannu. Bututun sama kaɗai ke da rai. Amma tunda ba hawa za ka yi ba, ka cika ramin da fila, irin wadda ake toshe tsagar bango, ka bi da fenti mana. Wa zai gane? Kai ne fa Baba Buroshi."

Baba ya san zai iya, yadda ko Sufeto ba za ta gano ba. Ya kuma san tsatsar da ke ciki ba za ta daina ci ba, wata rana sai ta zubo a farin tayil ɗin Auta, ko wani jika ya ɗare ya karye da shi. Tas ya ce zai fitar, kuma ba ta fita ba.

Ya dawo gida ya jingine shi a bakin ƙofa ta waje. "Idan mai ƙarafa ya wuce, ki tsai da shi," ya ce, ya shiga ɗaki ya kwanta da rana tsaka, fuskarsa a bango.

Ya ji kiran mai ƙarafa daga nesa. Ya ji muryar Sufeto, ya ji kuma ƙarar zarto a kan ƙarfe, ya ɗauka daga shagon walda ne, ya ja filo ya toshe kunne. Da ya fito, bakin ƙofa wayam. Bai tambaya ba.

Motar kaya ta zo, aka kwashe su. A gidan Auta ya hau bene yana haki, ya tura ƙofar sabon ɗakinsu. A bango, kusa da taga, ga bututun saman kekensa an kafe shi da ƙusoshi, an goge shi da mai yana sheƙi, launukan nan jere layi-layi. Mai walda ne ya yanko shi, ya toshe bakinsa biyu.

Baba ya daɗe a tsaye. Sannan ya ce, "Sufeto, wannan fa?"

"Na rataye tawul ne," in ji ta, tana ninke kaya ba ta ɗago ba.

Ya ciro tawul ɗinsa daga jaka, ya nufi wurin.

"Kai, Malam! Kada ka kuskura. Ga ƙusa can bayan ƙofa."