Fari har cikin talabijin

Karo na nawa ke nan ina zare wayar gem, na'urar wasan bidiyo, ina mayarwa, amma filin ƙwallon nan bai fasa fitowa baƙi da fari ba. Murya ras, launi babu.

Tsohuwar talabijin ce ta Maradi, rubutun bayanta duk Faransanci. Ga ramuka birjik, ban san na hoto ba.

Yayana Sani na zaune bakin shagonmu. Tun da geronmu ya ƙone a Kurawa, ruwa ya ɗauke bai ko fid da kai ba, Yaya ya rage magana. Don shi na aro gem ɗin.

Ya dubi allon ya ce, "Bar wahal da kanka, Bello. Farin ne ya biyo mu har cikin talabijin."

Na ce, "Yaya, ba za ni tashi nan ba sai ka ga kore."

Na juya talabijin ɗin, gumi na zuba, na bi ramukan ɗaya bayan ɗaya. Ashe waya mai ruwan ɗorawa, wadda ke ɗaukar hoto, na cusa a ramin kore. Nata ramin na can gefe.

Ina mayar da ita, fili ya yi shar.

Yaya ya matso da kujera, ya daɗe yana kallon hakin. Sannan ya ce, "Kar ka sa 'yan wasa tukuna."

Ban sa ba. Ku fa, yaushe rabonku da ganin kore haka?