Abin da Gado Ya Faɗa wa Likita

Duk wanda ya zauna da Gado ya san taurin kansa. Mutumin Funtuwa ne, direban bas ɗin ma'aikata a Doha, shekarunsa hamsin da biyar, arba'in daga ciki kuwa da sigari a baki ya yi su. A tasha ya tashi. Yana kwandasta ya koyi wiwi, da ya kama tuƙin tirela ya ƙara da tiramol don korar barci. Ko a Doha, inda ƙwaya ɗaya ke iya kai mutum kurkuku, bai rasa mai kawo masa daga gida ba.

Sai korona ta zo, jirage suka tsaya, ƙwaya ta yanke. Jikin Gado ya ce bai san zance ba: zufa, karkarwa, amai. Abokan ɗakinsa a unguwar Mansura suka watse, kowa na cewa annobar ce ta kama shi. Bawah kaɗai, wani mai gadi ɗan zangon Kumasi, ya gane abin da ke faruwa, ya zauna yana ɗura masa shayi. Bayan mako biyu Gado ya miƙe, kuma bai sake waiwayar ƙwaya ba. Sigari dai, ko da wasa bai saki ba.

Gab da gasar cin kofin duniya aka zaɓe shi cikin masu jigilar 'yan kallo, aka tura su duba lafiya. Likitar da ya samu Bakatsiniya ce, Haulat.

"Baba, kana shan taba?"

"Jefi-jefi, Likita."

Ta dubi leɓensa, ta dubi yatsunsa, ta ajiye biro. Ta ce akwai wani hoton huhu da ke gano ciwon daji tun kafin mutum ya fara tari, ba irin hoton ƙirjin da aka yi masa da zai shigo ƙasar ba. Waɗanda suka daɗe suna zuƙar hayaƙi ake yi wa. "Mai jefi-jefi ba na tura shi, Baba. In kana so, ka dawo ka gaya mini me ka sha, shekara nawa."

Da Bawah ya ji labari, sai da ya dafe kai. "Yaya Gado, halas, shi ke nan, ka bar maganar nan! Ka ce ƙwaya, kafil mai riƙe da bizarka ya ji, sai jirgi zuwa gida. Su ga tabo a huhu, nan ma sai jirgi. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi."

Wata guda Gado yana zirga-zirga tsakanin tashar jirgin ƙasa da filin wasa na Al Rayyan, bas cike da baƙi suna waƙa suna buga rufi. Shi kuwa haushi ne ke cin sa. Shi da ya kayar da ƙwaya a kan katifa ba asibiti ba magani, shi ne yau zai riƙa sunkuyar da kai gaban sa'ar 'yar cikinsa kamar ɓarawon akuya? Tsoro ma yana nan, ba a musun wannan, don aikin nan ne ke riƙe da gidansa.

Kwana biyu da ɗaga kofi ya koma wurin likita. Ranar wanka ba a ɓoye cibi. Ya zayyana mata komai: kwali guda a rana, wiwi shekara ashirin, tiramol har zuwa korona. Haulat ta rubuta takardar hoto. Ba ta yi masa alkawarin komai game da aikinsa ba, shi ma bai nema ba.

Aka ga abu a huhun dama, bai fi ƙwayar wake ba. Likita ta ce an kama shi da wuri, za a iya yanke shi. Da ya jira tari, in ji ta, da wata maganar ake yi.

Bawah ya juya takardar sakamakon a hannu, idonsa ya kawo ruwa. "Yanzu in suka ce ka tafi gida fa?"

"Su ce mana," in ji Gado, yana ɗaura igiyar takalmi zai fita aiki. "Ni da kai mun raka mutum nawa filin jirgi a cikin akwatin gawa? Ni dai da ƙafata zan sauka Kano."