Ludayin Inna Hajjo

Har yau ina tuna wata Larabar damina, a shekarata ta biyu ina ma'aikaciyar lafiya a wani ƙaramin asibiti da ke Gammo. Laraba ce ranar masu ciwon suga. Mukan gwada jininsu da safe kafin su karya, mu rubuta a kati, sannan in zauna da su kan tabarma mu yi maganar abinci.

Cikinsu akwai Malam Haruna, malamin Islamiyya, dattijo mai bin doka. Ya bar shayi da sukari, ya rage tuwo, ba ya fashin magani. Amma wata biyu sugansa ya ƙi sauka, har idonsa ya fara dishi-dishi, karatu na gagararsa a gaban ɗalibai. Shugaban asibitinmu ya duba katin ya ce, "Ladidi, idan mako mai zuwa haka yake, mu tura shi babban asibitin Gwarzo, wataƙila sai allura."

Malam na tsoron allurar nan ƙwarai. Shi ya sa na ce kowa ya zo mini da ledoji da robobin abin da yake ci a gida, mu duba tare.

Ranar ya zo da matarsa, Inna Hajjo, mai sayar da nono. Na fara da ledar wani biskit da aka rubuta wa "babu sukari". Na nuna musu layin kabohaidret a bayan ledar, na ce wannan layin ya haɗa sukari da sitaci, kuma fulawa idan ta shiga ciki suga take komawa. Sai na ɗaga robar madarar waken suya da Malam ke sha biyu kullum. Ni da kaina na taɓa ce masa ba laifi.

"Kun gani, sukarin giram tara kawai," na ce. "Kamar cokalin shayi biyu."

Inna Hajjo ta karɓi robar ta jinjina ta. Ba ta yi boko ba, amma ta ce, "'Yata, tambaya nake. Taran nan, na ludayi ɗaya ne ko na ƙwaryar duka? Mu idan muka faɗi abu kan nono, sai mun ce a wane ma'auni."

Na buɗe baki zan ce na duka ne, sai idona ya kai saman jadawalin da ke bayan robar. Da ƙananan haruffa an rubuta: a kowace mililita ɗari. Na juya gaban robar. Mililita ɗari biyar!

Wallahi ban san lokacin da na miƙe tsaye ba. "Inna, kin gano shi! Kin gano shi!" Na ruga ofis na jawo shugabanmu, na aro gwangwanin sukari wurin mai shayin bakin ƙofa. Tara sau biyar, arba'in da biyar. Na fara zubawa a faranti, jama'a na ƙirga tare da ni da ƙarfi. Da muka kai cokali goma sha ɗaya wurin ya kaure da salati. Wannan roba ɗaya ke nan.

Malam ya daɗe yana kallon farantin, sannan ya yi dariya. "Ashe na kori mai shayi, na ɗauko wanda ya fi shi hannu."

Na durƙusa na ce, "Malam, ka yafe mini, ni na karanta ba daidai ba."

"Tashi, 'yata. Ai yau mun koya tare."

Kafin in ankara kowa ya juya ledarsa yana neman ma'aunin, masu karatu na taya marasa karatu. Shugabanmu ya ce Malam ya bar madarar, ya ci gaba da maganinsa, a ƙara masa mako uku. Sugan ya riƙa sauka a hankali. Mun dai tura shi Gwarzo aka duba idon, likita kuma ya ce ƙwayoyin da yake sha sun ishe shi a lokacin, ba sai allura ba.

Ku sababbin ma'aikata, kafin ku karanta wa mara lafiya lambar sukari, ku duba ma'aunin, ku duba layin kabohaidret, ku tambaye shi nawa yake ci a zama ɗaya. Kuma idan tsohuwa ta ce tana da tambaya, ku ajiye biro ku saurara. Ni takardar makaranta na riƙe a wurin nan, amma mai nono ce ta karanta robar.