Dakashin 'Yar Fari

Shekara shida na yi ina aikin awon ciki a wani ƙaramin asibiti da ke gefen Jega kafin ni ma in ɗauki cikin fari. Kowace Talata mata kan cika rumfar da ke gaban ɗakinmu, wasu daga cikin gari, wasu sun hawo babur daga Fagada da Kimba, kuma kafin a fara awo sai na tsaya a gabansu na yi musu jawabi. Jawabin guda ɗaya ne, har na haddace inda zan ɗaga murya da inda zan yi shiru in dube su. Jariri idan ya faɗo ba a ba shi komai sai nonon uwarsa. Ba ruwa, ba zuma, ba madarar akuya, ba man shanu. Wannan nonon na farko mai kauri, mai ruwan ɗorawa, wanda ake kira dakashi ana matsewa a zubar, shi ne rigakafin jariri na farko. Ina da wani babban hoto na wata mata mai murmushi da jariri a ƙirji, wadda da ganin fuskarta ba ta taɓa yin naƙuda ba, shi nake nunawa da biro.

Matan kan gyaɗa kai. Ban taɓa samun wadda ta yi mini musu ba. Idan sun dawo da jariran rigakafi in tambaya, "Mi anka fara ba shi?" sai su ce, "Nono, Malama." Ni kuma in rubuta nono. Ina jin daɗin aikina ƙwarai a lokacin, don kowa yana bin maganata.

Wata shekara aka tara ungozomomi na ƙauyuka aka ce mu koya musu aiki na kwana uku. A cikinsu akwai wata tsohuwa daga ƙauyenmu a ƙasar Maiyama, wadda kowa a garin Iya yake ce mata. Ita ta yanke mini cibiya. Tun da na fara musu jawabin nan nawa na Talata ta rufe ido, ta jingina da bango. Abin ya ɓata mini rai, ga shi akwai manyana a zaune. Na ce, "Iya, ko za ki gaya muna abin da na ce yanzu?"

Ba ta buɗe idon ba ta ce, "Kin ce kar a ba ɗiya komi."

"To ke mi kike ba su?"

Ta yi bayani a natse. Namiji kwana uku, mace kwana huɗu, ana ba su madarar akuya har nonon uwa ya wanke. Sannan a tatsa kaɗan a ludayi a jefa tururuwa. In ta fito da ranta, nonon lafiya lau ne, a ba yaro.

Na yi dariya, na ce, "Iya, tururuwa dai ba likita ba ce."

Aka yi dariya tare da ni. Sai a sannan ta buɗe ido ta dube ni, ta ce, "Haka ne. Ke ma kwana huɗu kinka yi kina shan na akuya, ga shi har kin iya riƙe biro."

Aka sake yin dariya, wannan karon ban da ni. Na wuce zuwa darasin wanke hannu.

Da cikina ya kai wata takwas aka kai ni gida goyon ciki, kamar yadda ake yi wa kowace mai haihuwar fari. Na tafi da jakata a shirye, da safar hannu da sabuwar reza da komai. Na zaunar da Inna, mahaifiyata, na yi mata jawabin Talata daga farko har ƙarshe. Ta ce to. Na yi wa maigidana, wanda ke fataucin albasa a Aliero, ya ce ai ni ce likita. Na roƙe shi ya gaya wa mahaifiyarsa, Hajiya, ya ce ya gaya mata kuma ta ce babu komai. Ban taɓa ganin taron da aka amince da magana da sauri haka ba.

Bayan kwana biyu na ga an ɗaure wata jar akuya mai sabon ɗa a gindin darbejiyar tsakar gida, ana ba ta dussa safe da yamma. Na tambayi Inna, ta ce ta maƙwabta ce aka ba ta ajiya. Hajiya ta zo duba ni da wata 'yar gora ta zamzam da dabino guda bakwai a ƙulle cikin farin ƙyalle, ta ce a ajiye mata a kan kabad. Gwaggona ta aiko da zuma a kwalba, wai don tari. Babu mai tari a gidan.

Shirina shi ne da na ji motsi a ɗauko mota a kai ni asibiti. Naƙudar ta zo da hantsi, ranar da kusan duk motar da ke da taya a yankin ta tafi ɗaukar albasa. Aka yi ta kiran maigidana a waya, yana cikin kasuwa ba ya ji. Kafin a samo mota abin ya wuce maganar mota. Inna ta aika a kira ungozoma, kuma a garinmu ungozoma ɗaya ce.

Iya ta shigo da sallama, ta wanke hannu da sabulu har gwiwa, ta buɗe jakata ta ɗauki abin da take so ba tare da ta tambaye ni ba. Ba ta tayar da zancen Jega ba, ni ma ba na cikin halin tayarwa. Kafin azahar na haifi mace.

Sai ɗakin ya cika. Inna ta shigo da ƙaramin kofi, madarar tana da ɗumi. Hajiya, wadda aka ɗauko a babur tun daga Aliero, ta sauko da ƙullinta daga kan kabad. Gwaggo na tsaye a bakin ƙofa da kwalbar maganin tari da cokalin shayi. Wata maƙwabciya da ban ma san ta sosai ba ta zo da ruwan ɗumi da aka jefa wa sukari. Kowace tana jiran ta kusa da ita ta fara, don ladabi.

Ni kuwa, mai jawabin Talata, na juya fuskata ga bango. Abin da ban taɓa sawa a lissafi ba ke nan. 'Yar fari ce. A wajenmu mace ba ta rawar jiki a kan ɗan fari, ba ta kiran sunansa, ba ta ɗaukarsa gaban manya, balle ta buɗe ƙirji a gaban uwar mijinta ta ce a miƙo mata. Duk shekarun da na yi ina ce wa 'yan mata su ce a'a, ban taɓa tunanin da wane baki za su faɗa ba.

Jaririyar ta fara kuka, wani siririn kuka mara tsayawa. A ƙarƙashin zane na matsa nonona a ɓoye. Ɗigo biyu suka fito, rawaya, masu danƙo. Na san abin da littafi ya ce, cikin jariri a ranar farko bai wuce girman ɗan kanya ba, ɗan kaɗan ya ishe shi. Na faɗi haka sau ɗari. Amma da na dubi ɗigon nan biyu a kan yatsana, na saurari kukan, sai na ga babu wani mahaluki da zai rayu a kan wannan. Ina fuskantar bangon na ce a hankali, "Inna, ko a ɗan ba ta ruwan, kafin nonon ya zo."

Inna ta yi ajiyar zuciya irin ta wadda 'yarta ta dawo hanya. Maƙwabciyar ta matso.

Iya na riƙe da jaririyar a cinyarta tana goge ta. Ta ɗaga hannu ɗaya, ta gyara zama, ta yi gyaran murya. Sannan ta fara magana da wata murya wadda ba tata ba, siririya, mai jan ƙarshen kalma.

"Jariri idan ya faɗo, ba a ba shi komai sai nonon uwarsa. Ba ruwa. Ba zuma." Ta yi shiru ta dubi Gwaggo, daidai inda nake yin shiru. "Ba madarar akuya." Ta dubi Inna. Har yatsa ta ɗaga tana nuna bango kamar akwai hoto a jiki. Ta kawo jawabin gaba ɗaya, ba ta tsallake ko kalma ba, har da wani ɗan tari da ashe nake yi kafin in ce rigakafi.

Inna ta ce, "Iya, ai ita da kanta ta ce a ba ta."

Iya ta ce, "Wagga da ke kwance maijego ce. Ni Malama ta koya min, kuma ba ta aiko an ce ta janye ba."

Hajiya ta ce, cikin sanyin murya, ita dabino ne nata, kuma kowa ya san asalinsa. Iya ta ce ta sani, ba za ta hana ba, amma a bari yarinya ta fara gaisawa da uwarta, dabino ba ya gudu. Ta ce kowa ya ba ta wuri. Suka fita ɗaya bayan ɗaya, kowace da abinta a hannu. Ta saki labule.

Ta juyo da ni, ta kwance mini zane, ta ɗora yarinyar a ƙirjina ba tare da ta nemi izini ba. Na ce mata babu komai a ciki. Ta ce in yi shiru. Yarinyar ta yi ta lalube da baki, ta kama, ta saki, ta yi kuka, ta sake kamawa. Iya ta sa yatsa ta gyara mata leɓe. Kukan ya tsaya. Na ji wani abu yana ja daga can cikin marata, hawaye suka zubo mini, na kasa gane na mene ne.

Da na samu kaina na ce, "Iya, ashe kina ji ranar nan."

Ta ce, "Ido nika rufewa, ba kunne ba."

Na tambaye ta ko maganata ce ta shige ta. Ta ce a'a, maganata ba ta da daɗin ji. Ta koma gida ne da haushi, ta ce bari ta gwada a kan haihuwa biyu ko uku don ta samu abin da za ta zo ta gaya mini. Sai ta ga jariran ba su cika yin zawon nan na kwanakin farko ba, nonon uwayen kuma yana saurin kawowa. Shi ke nan ta ci gaba. Ba ta ga dalilin zuwa Jega ta ƙara mini girman kai ba.

Da la'asar Hajiya ta tauna dabinonta ta shafa ɗan kaɗan a dasashin jikarta, ta yi mata addu'a mai tsawo, ni ma na ce amin daga inda nake. Maigidana ya iso da mota bayan an gama komai, yana warin albasa, ya tsaya daga waje yana tambaya ko an bi abin da likita ta ce. Iya ta ce masa an bi, duk da likitar ba ta so.

Washegari da safe ta dawo don wankan jego. Na ga an kafa babbar tukunya a bayan ɗaki tana tafasa, ga damin ganyen darbejiya, ga kwano cike da kunun kanwa yana jirana. Na tattaro abin da ya rage mini na Malama, na ce mata wannan ruwan ya yi zafi da yawa, kuma kanwa mai yawa tana wahalar da zuciyar maijego, an tabbatar da haka.

Ta tsoma ganyen a tukunya ta ɗago shi yana tururi. Ta ce, "Wannan ba ku koya muna shi ba. Kwana ukun sun ƙare ba ki kai nan ba. Zauna."

Na roƙa aka sirka mini da guga ɗaya na ruwan sanyi, shi ma sai da Inna ta sa baki. Kunun kuwa rabi nake sha, rabin in juye a kwanon Gwaggo idan Iya ta juya baya. Haka muka yi har arba'in.